Rasuwar Takwas, Ƙafar da Yaya Abdulsalam Ya Ƙera Mini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda da abin da ido ya gani ba, ni Ummu Salma Abdulmuttalib, malamar aji huɗu a wata makarantar firamare a nan Toranke, a madadin mahaifiyata Inna Fatsuma da maigidana Malam Da'u, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ajingi da Gaya, da duk inda wannan takarda ta kai, rasuwar ƙafata ta hagu, wadda aka fi sani da Takwas. Ta cika ranar Juma'ar da ta gabata, ana tsakiyar huɗuba, a bakin titi, tana da shekara tara da wata biyu a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san ƙarfe ce da roba da fata. Na san ba ta da rai, ba a yi mata salla, kuma limamin unguwarmu ya riga ya tuna mini da haka cikin lallashi. Ban musa ba. Amma ƙafata ta farko, ta nama da jini, an binne ta ne a bayan wani asibiti ina kwance allurar barci ba ta sake ni ba, kuma ba wanda ya sanar da kowa. Wannan karon idona biyu, saboda haka zan yi sanarwa.

Ga waɗanda ba su san asalin marigayiya ba, ga shi a taƙaice. A kakar shekarar 2013, ina da wata biyar da aure, kububuwa ta sare ni a gonar gyaɗa. Waɗanda suka kawo ɗauki suka ɗaure ƙafar tamau da igiyar guga, da kyakkyawar niyya, suka bar ta haka har washegari. Dafin bai kashe ni ba, ɗaurin ne ya kashe ƙafar. Likita ya yanke ta ƙasa da gwiwa da kamar taƙi ɗaya. Bayan shekara aka ba ni ƙafar roba irin wadda ake ba kowa. Ba na raina ta, ita ta fara tsayar da ni. Sai dai sandararriya ce kamar taɓarya. Duk takun da na yi sai in ji shi a dungulmin, ya hau gwiwa, ya bi ƙugu, ya ƙare a ƙeya. Daga gida zuwa makaranta tafiyar minti ashirin ce, amma kafin in isa safar da nake sawa a ciki ta jiƙe da jini. Na yi shekara guda a haka ban gaya wa kowa ba sai Malam. Daga ƙarshe na rubuta takardar barin aiki, na sa ta cikin littafin rajista ina jiran ranar da zan iya miƙawa.

Yayana Abdulsalam, ɗan farin Inna, injiniya ne, yana koyarwa a wata jami'a a Kano. Bincikensa a kan girgiza yake: me ya sa injin niƙa ke tsaga daɓen ɗakin da aka girke shi, me ya sa direban tarakta ke kamuwa da ciwon baya tun bai kai arba'in ba, da yadda za a shanye wannan jijjiga kafin ta yi ɓarna. Mu a gida ba mu ɗauki abin a bakin aiki ba. Inna kan ce an kai shi boko shekara ashirin, ya dawo yana kasa kunne ga inji.

Ya zo babbar salla ya same ni a bayan rumbu ina wanke safa, ƙafar tana jingine da danga. Ya daɗe yana kallon ruwan wankin.

Ya ce, "Ummu, tun yaushe?"

Na ce, "Tun da aka ba ni ita, Yaya."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki ƙafar, ya ɗora tafin hannunsa a bakinta, ya daki ƙasa da ita sau uku. Sannan ya zauna a kan turmi da sabuwar shaddarsa ya yi mini bayani kamar ina ajinsa. Ya ce duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, ƙasa tana rama dukan. Allah ya sa wa ɗan Adam tsoka mai laushi a dunduniya, da idon sawu mai lanƙwasa, su ke shanye dukan kafin ya kai ƙashin baya. Ni kuwa an cire mini masu shanyewar, an ba ni abin da ke miƙa dukan gaba ɗayansa. Ya ce, "Wannan ai aikina ne. Shekara goma ina yi wa tarakta, ƙanwata tana nan tana zubar da jini." Da ya ji na rubuta takardar barin aiki, ya neme ta, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce in ba shi lokaci.

Mutanen Toranke za su tuna abin da ya biyo baya, don sun sha kallo. Kusan kowace Asabar sai ya zo da kwamfuta da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana. Ya manna mini ita a ƙwauri da filasta, wata rana a ƙafar lafiya, wata rana a ta roba, wata rana a gadon baya. Sai ya ce in tafi. In bi rairayi, in bi tsakuwa, in hau kunyar gona in sauka, in bi simintin aji. Shi kuma yana biye da ni riƙe da kwamfutar, waya ta haɗa mu, kamar makiyayi da saniya mai gardama. A fuskar kwamfutar wani layi ne ke tsalle duk sanda na taka. Na ƙafar lafiya yana tashi a hankali ya kwanta. Na ta roba yana cillawa sama kamar ƙaya. Ya nuna mini ya ce, "Kin ga ciwonki nan." Ban taɓa zaton ciwo yana da kamanni ba sai ranar.

Marigayiya ita ce ta takwas a ɗakinsu, daga nan sunan ya samo asali. Yayyenta bakwai duk sun rasu suna ƙanana. Ta farko ta cika laushi, tafiya a kanta kamar tafiya a kan katifa, ta jefa ni cikin kwatami a gaban surukaina. Ta uku tana da kukan da ke watsa awakin unguwa. Ta biyar ta yi kyau har muka fara murna, sai bazara ta shigo robarta ta saki kamar ƙosai a ruwan zafi. Ta bakwai rairayi ne ya shige ta ya cinye ta cikin wata biyu. Duk wadda ta mutu sai Yaya ya sa ta a buhu ya tafi da ita Kano, ya farke ta, ya rubuta abin da ya kashe ta a wani baƙin littafi. Wani abokin aikinsa ya yi masa ba'a a gaban taro cewa ba a yin bincike a kan mutum ɗaya. Ya ce shi ma ya sani, amma mutum ɗayan nan ƙanwarsa ce, kuma in ta tafi daidai sauran za su biyo baya.

An haifi Takwas a watan Agustan 2016. Sifirin biyu ne a dunduniyarta, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, ɗaya cikin ɗaya: na waje mai laushi don tafiyar yau da kullum, na ciki mai tauri wanda ba ya farkawa sai an ɗauki kaya ko an yi tuntuɓe. Tsakaninsu roba ce da aka yanko daga tayar babbar mota. Wani baduku a Gaya ya ɗinka mata rigar fata don kada rairayi ya shiga. A idon sawunta kuma akwai wani ɗan ƙarfe da in na zare shi tafin yake kwantawa. Shekara uku ina salla a kan kujera. Ranar da na zare ƙarfen nan na yi zaman tahiya a ƙasa kamar kowa, ban iya ƙarasa karatun ba sai da na tsaya na share fuska.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Kalma biyu ta sani, su ta maimaita duk tsawon rayuwarta. In dunduniya ta sauka sai ta ce fuss, kamar mai sauke numfashi. In ta ɗaga sai ta ce ƙis. Fuss, ƙis. Fuss, ƙis. Da wannan muryar ta gaishe da duk wanda muka haɗu da shi a hanya, kuma da ita 'yan ajina suke sanin lokacin komawa kujera ya yi.

Halayenta na gari suna da yawa, amma babbansu shi ne ta iya sa a manta da ita. A satinta na farko na je makaranta na dawo, na wuce rijiya, na shiga gidan maƙwabta barka, sai da na zauna cire mayafi na tuna ba da ƙafata nake tafe ba. Wanda bai taɓa ƙirga takunsa saboda ciwo ba ba zai san girman wannan ba. Ba ta taɓa ƙin fita don rana ko sanyi ba. Ta je Kademi biki, ta je Balan ta'aziyya, ta tsaya layin zaɓe tun hantsi har la'asar. Lokacin da na sami cikin Zulfa, 'yata tilo, nauyina yana ƙaruwa tafiyata tana sauyawa, Yaya kan zo duk ƙarshen wata ya ɗan ƙara ɗaure wani noti, ya ce yanzu mutum biyu take ɗauka, dole a gaya mata. Ta kai mu har ƙofar ɗakin haihuwa. Da Zulfa ta fara tsayuwa, ba bango ta kama ba, ƙwaurin Takwas ta kama.

Tunda gaskiya ake faɗa a kan mamaci, tana da nata rauni. Ba ta son taɓo ko kaɗan. Da zafi rigar fatarta kan yi wani wari da sai an shanya ta a inuwa. Kuma ba ta san inda ake shiru ba. Ta taɓa cewa ƙis a tsakiyar addu'ar uku a Balan, wata tsohuwa ta amsa da amin, matan da ke kuka suka rufe baki da mayafi. Na yafe mata duka.

Duk salla ƙarama da babba Yaya kan kwance ta a kan tabarma a tsakar gidan Inna, ya jera kayan cikinta a faranti, ya wanke su da kananzir, ya shafa giris da ɗan yatsa, ya mayar. Haka muka yi shekara shida. A 2022 ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Na je duba shi asibiti a Kano, na shigo ɗakin ke nan, tun kafin in yi sallama ya ce, "Zo nan, ban ji daɗin muryarta ba." Matarsa ta ce ya bari sai ya warke. Ya ƙi. Aka ta da shi zaune, aka shimfiɗa masa tawul a cinya, ya kwance ta da hannun da ke da allurar ƙarin ruwa. Aikin da yake yi cikin minti ashirin ya ɗauke shi fiye da awa. Da ya gama ya ce mini ƙarfe ma yana gajiya. In aka lanƙwasa shi sau miliyoyi, wata 'yar tsaga da ido ba ya gani takan fara, ta yi ta tafiya a ɓoye har ranar da zai rabu biyu. Ya ce sifirin na ciki ya fara tsufa.

"Ke da bokiti ɗaya aka gina ta ta ɗauka, Ummu. Kada ki ƙara mata. In na fita zan yi miki Tara."

Na ce, "Allah ya tashi kafaɗarka, Yaya."

Ya miƙo mini sifana mai lamba goma ta kwance noti, da gwangwanin giris. Bayan kwana goma sha ɗaya ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa.

Tun daga nan Takwas ta zama marainiya, ni na ci gaba da rainonta iya sanina. Ina wanke ta, ina shafa mata giris a inda hannuna ke kaiwa. Amma babban notin da ke rufe cikinta, wanda Yaya ya ɗaure da ƙarfinsa na ƙarshe a gadon asibiti, ban taɓa sa masa sifana ba. Shekara uku yana nan yadda ya bar shi.

Rashin lafiyarta ya fara a farkon daminar bana. Da farko fuss ɗin ne ya gajarce, kamar mai haki. Daga baya wata sabuwar kalma ta shigo tsakani, ƙyar, wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Fuss, ƙyar, ƙis. Malam Da'u ya ji, ya dube ni, na kau da kai. Da abin ya yi yawa ya ɗauke mu a babur zuwa Gaya wurin Kamalu, bakaniken da ya yi suna wajen gyaran shokozoba, ƙarfen da ke shanye jijjigar babur. Kamalu ya juya ta a hannu, ya danna dunduniyar a kan benci, ya kara kunne, ya sake dannawa. Ya ce, "Malama, tsakani da Allah wannan ta fi ƙarfina. In na sa mata wutar walda za ta tsaya, amma ta zama taɓarya ke nan. Wanda ya yi ta ya san abin da yake yi. Ki kai ta inda aka haife ta." Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

A nan ne zan faɗi laifina, don kada a ce ciwo ne kaɗai ya kashe ta. Akwai Dakta Muhsina, ɗalibar Yaya ce a da, yanzu ita ke riƙe da ɗakin bincikensa da baƙin littafinsa. Sau huɗu tana kirana a waya. Ta ce, "Anti Ummu, ki ba mu ita sati biyu kawai. Mu buɗe, mu auna, mu sauya abin da ya gaji. Abin da Malam Abdulsalam ya rubuta bai cika ba, sauran yana cikin ƙafar." Sau huɗu ina cewa sai an yi hutu. Aka yi hutu, na ce sai an gama damina. Gaskiyar ita ce ba na son wani hannu ya kwance abin da hannunsa ya ɗaure. Na zaɓi in ji tana nishi a ƙarƙashina da in ga an buɗe notin nan. Da na miƙa ta a lokacin, wataƙila da yau ba wannan takardar nake rubutawa ba.

Ranar Juma'a Inna ta matsa sai ta je ta ga riɗinta da aka yanke aka jingine a gona. Ta haura saba'in, tana da hawan jini, amma ba a hana ta abin da ta sa kai. Na dawo daga makaranta na same ta da mayafi a kafaɗa, na ce to mu je tare. Gonar tana da nisan kilomita ɗaya da rabi daga titi, hanyar duk rairayi ce da kunyoyi. Muka isa, ta zaga, ta murza kan riɗi a tafin hannu ta ce ya kusa kaɗewa. Tana cikin magana sai maganar ta karkace. Na juyo na ga bakinta ya ja gefe, hannunta na dama ya saki, ta sulale a gindin tarin riɗin.

Na yi ihu, ba kowa. Maza duk sun tafi masallacin Juma'a, Malam ma yana can. Na ɗaga waya, babu sabis. Na san abin da ke damunta, don na ga irinsa a kan mahaifinmu, kuma na san a wannan ciwon jira shi ne halaka. Na dubi Inna, na dubi Takwas. Ban manta da maganar bokiti ɗaya ba. Na kwance zanen sama, na durƙusa, na jawo Inna bayana, na goya ta na ɗaure a ƙirji, na dafa ƙasa na ce bismillahi.

Da na miƙe, sai na ji wani abu ya kama a can cikin dunduniyar, mai tauri, ya riƙe. Sifirin na ciki ne ya farka. Muka kama hanya. Ba ta ƙara cewa fuss ba, ƙyar kaɗai take cewa, kowane taku ƙyar, kowace kunya ƙyar mai tsawo. Numfashin Inna yana bugun wuyana, miyau yana bin kafaɗata. Na faɗi a gwiwa sau biyu, sau biyu tana tashi da mu. Wajen rabin hanya muryar ta koma ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe, dunduniyar ta fara karkata waje. Ban taɓa yi mata magana ba sai ranar. Na yi ta roƙonta da ƙarfi kamar mahaukaciya, ina cewa saura kaɗan, ga titi can, ki yi haƙuri, na san na zalunce ki.

Muka fito bakin titi. Allah ya kawo wata a-kori-kura da ta ɗauko buhuna za ta Gaya, direban ya taka birki ya diro. Ya kama Inna ta kafaɗu, ni kuma na ɗaga ta daga ƙasa don mu sa ta gaba. Na tattara nauyinmu duka a kan hagu, na yunƙura. Inna ta hau kujera. A daidai nan Takwas ta yi maganarta ta ƙarshe, kalma ɗaya, ɓas. Tafin ya juya baya, na zube a kan tsakuwa. Daga nesa ana jin liman a lasifika.

Likita ya ce mun zo a kan lokaci. Inna tana raye, an sallamo ta, hannun ya fara motsi, magana tana dawowa da kaɗan-kaɗan. Kowa a danginmu ya san Inna ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. Wancan take ce masa, ko mai boko. Ko ranar da aka kawo gawarsa ba ta faɗa ba. A rana ta uku a asibiti ta buɗe ido ta ga sandunan hammata jingine da gadonta, ta dubi inda zanena ya faɗa babu komai a ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana haɗa kalmomin.

Ta ce, "Ina ƙafar?"

Na ce, "Ta karye, Inna."

Ta rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, "Abdulsalam ne ya goyo ni." Ta faɗi sunan duka, a hankali, da karkataccen bakinta, ba ta tsallake harafi ko ɗaya ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da abokiyar tafiyarta ƙafar dama, wadda yanzu aiki ya koma kanta ita kaɗai. Ta bar Zulfa mai shekara bakwai, wadda ta tambaye ni ko a asibiti za a yi mata allura ta tashi. Ta bar takalma uku na hagu, da safa huɗu, da sifana mai lamba goma, da gwangwanin giris wanda har yanzu akwai shatin ɗan yatsan Yaya a gefe guda, don ni ta ɗaya gefen nake ɗiba. Ta bar 'yan aji huɗu su hamsin da bakwai, waɗanda daga yau sai dai su sa mai gadi a taga. Ta bar Inna.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gobe Asabar da hantsi za a yi mata wanka a tsakar gidan Inna, da ruwan ɗumi da kananzir, ni da Malam Da'u kaɗai. Babban notin ni zan kwance shi da hannuna, wannan ne sharaɗin da na gindaya, kuma an amince. Za a naɗe ta a farar rigar aikin Yaya, wadda matarsa ta aiko daga Kano jiya. Ba za a yi salla ba, ba za a haƙa rami ba. Wanda ya yi niyyar addu'a ya yi wa wanda ya ƙera ta, ya roƙa wa Inna sauƙi.

Ranar Litinin da safe Dakta Muhsina za ta zo da mota ta tafi da gawar. Ta ce za su sa karyayyen sifirin ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin fuskar karaya tana nuna inda tsagar ta fara da yadda ta yi ta tafiya, kuma abin da suka karanta a nan shi zai hana ta gaba mutuwa irin wannan. Ba ta yi mini alkawarin rana ba, ta ce wataƙila wata shida, wataƙila fiye. Kafin nan Malam zai riƙa kai ni makaranta a babur.

Ta kuma roƙi in sanar da cewa kafin ta juya za ta zauna a zauren gidanmu da abin awo da littafi har azahar. Saboda haka duk wanda ya san mai ƙafar roba da ke cin namansa, ko wanda aka yanke wa ƙafa yana zaune a ɗaki, a Toranke ne, ko Kademi, ko Balan, ko wani ƙauyen da ban ambata ba, mace ko namiji, a taimaka a kawo shi. Ba a buƙatar takarda. Wanda ke jin kunyar nuna dungulminsa ya zo kawai, ni zan fara buɗe nawa.

Zaman makoki na kwana ɗaya ne, ranar Lahadi, daga hantsi zuwa la'asar, a gidan Malam Da'u da ke bayan makaranta. Kada a wahala da kawo abinci. Masu zuwa gaisuwa kuma su yi mini afuwa a kan abu ɗaya. Na saba tarbar baƙona a bakin ƙofa in raka shi har waje, amma wannan karon ba zan iya ba. In kun yi sallama kun ji an amsa daga ciki, ku turo ƙyauren ku shigo. Za ku same ni a zaune.